Wa Ya Ƙwace Wa Yaran Zango Dokin Kara?



Akwai ɓarnar da ake yi a gidajenmu da sunan tarbiyya, masu yin ta kuma suna zaton lada suke samu. Ɓarnar ita ce hana ƙananan yara wasan kwaikwayo irin nasu: tuwon ƙasa, bikin 'yar tsana, dokin kara, kasuwar ganye, da makarantar da malaminta bai wuce shekara biyar ba. An laƙaba wa wannan wasa suna ɗaya, wato shirme, aka kore shi daga tsakar gida. Mu kuwa muna cewa, kuma za mu maimaita a gaban kowa, wanda ya hana ɗan shekara huɗu wannan wasa ya tauye masa hankali, ko da ya biya masa kuɗin makarantar da ta fi kowace tsada a Kumasi.

A dubi yadda yinin yaro ƙarami ya koma a gidaje da yawa na Aboabo da Asawase da Nima. A tashe shi da asuba, a cusa masa koko, a rataya masa jakar da ta kusa rinjayarsa. Ya yini a aji yana maimaita abin da aka faɗa har bayan azahar, a ƙara masa darasin da ake biya daban. Ya dawo gida ya sauya riga ya nufi makarantar allo ko Islamiyya har gab da magariba. Bayan isha'i ga aikin gida, shafi biyu ko uku na rubutu, ga yaron da yatsunsa ba su gama iya riƙe fensir ba. Asabar da Lahadi kuma na makarantar addini ne tun safe. Idan ya samu 'yar sarari ya jawo gwangwanaye zai kafa murhu, sai a daka masa tsawa ya tashi daga ƙasa kada ya ɓata kaya, a miƙa masa waya don ya yi shiru. Babban mutum mai iyali ba zai jure wannan tsari wata guda ba tare da ya yi ƙorafi ba. Yaron da ya jure shi kuwa sai mu ce ya natsu.

Masu kiran wasa shirme ba su taɓa tsayawa sun kalle shi da idon basira ba. Bari mu kalle shi tare.

Yaro ya ɗauki kara ya sa tsakanin ƙafafunsa ya ce dokinsa ne. Ya san sarai kara ne, domin idan ya karye ba ya neman likitan dabbobi, wani karan yake nema. Amma yana ja masa linzami, yana ba shi ruwa, yana ɗaure shi a turke. Abu ɗaya ya riƙe a hannu, ma'ana biyu a kai, kuma bai rikice ba. Jim kaɗan dokin ya zama muciya, muciyar ta zama sandar liman, sandar ta zama bindigar soja. Duk sauyin nan umarni ne yaron yake ba wa ƙwaƙwalwarsa: saki wancan, kama wannan. Wannan iya saki da kamawa shi ne abin da yake raba mutum mai dabara da wanda idan hanya ɗaya ta toshe masa sai ya zauna ya rafka tagumi. Wani masanin tunanin yara ɗan ƙasar Rasha, Vygotsky, wanda ya rasu a 1934, da wannan misali na sanda da doki ya bayyana yadda yaro yake fara raba ma'ana da abin da ido ke gani. Har yau ana karantar da bayaninsa a makarantun horon malamai. Kakanninmu ba su san sunansa ba, amma sun bar yara da karansu.

Sai kuma matsayin da yaro yake ɗauka a cikin wasa. Wadda aka ce ita ce jaririya ba ta magana, ko da bakinta na ƙaiƙayi. Wanda aka naɗa mai gadi ba ya barin ƙofa. Yaron mota ba ya taɓa sitiyari sai direba ya sauka. Babu wanda ya tsaya musu da bulala, su suka kafa dokar, su suke bin ta. Yaron da uwarsa ta kasa zaunar da shi minti biyu, sai ga shi ya daɗe a kwance ko motsi babu, saboda shi ne marar lafiya kuma likita bai sallame shi ba. Wane malami ne ya taɓa koyar da kamun kai cikin sauƙi haka?

Inda wasan ya fi daɗi ga mai kallo shi ne inda ya cije. Yara biyu kowa ya ce shi ne direba. Ko wata ta zo a makare bayan an gama rabon matsayi. Ko kuɗin ganye ya ƙare ciniki bai ƙare ba. A nan za ka ji abin mamaki daga bakin 'yan shekara biyar. A ce mota biyu ce. A ce ke baƙuwa ce kin zo daga Salaga. A ce yau bashi ake bayarwa, gobe a biya. Wasan da ya kusa watsewa sai ya miƙe ya ci gaba ta hanyar da babu wanda ya shirya ta. Idan babba ya shiga ya raba musu gardamar, ya ƙwace musu darasin ranar ke nan.

Ku lura da kalmar nan da suke ta maimaitawa: a ce. Duk wanda ya zauna gaban malami ya karanta Ahalari da Ishmawi da Iziyya har ya kai Risala ya san wannan kalma, ko da da wata riga ta zo masa. A ce mutum ya manta zaman tahiya na farko, ƙabli zai yi ko ba'adi? A ce ya riski liman a raka'a ta uku. A ce matafiyi ya rasa ruwa. A ce mutum ya rasu ya bar mata da uwa da 'ya'ya mata biyu, yaya za a raba? Babu mamaci a gaban ɗalibi, babu dukiya, ƙaddarawa ake yi a yi hukunci a kan abin da aka ƙaddara. Fiƙihu rabinsa a kan wannan ya tsayu, ƙiyasi kuwa gaba ɗayansa: ka ga wannan ka ce ya yi kama da wancan ta fuska kaza, saboda haka hukuncinsu ɗaya. Hankalin da zai iya wannan aiki a shekara ashirin, a tsakar gida ya fara motsa jiki, ranar da ya ce murfin kwalba sidi ɗaya ne. Ba a fafe gora ranar tafiya. Malaman da suke kukan ɗalibai sun haddace matani amma da an juya musu mas'ala sai su yi zuru, su tambayi kansu yaushe rabon waɗannan ɗalibai da a bar su su ƙaddara wani abu da kansu.

Mu mutanen Zango muna da wani dalili da ya fi na kowa. Tsiraru ne mu a ƙasar nan. Kakanninmu sun zo da fataucin goro da shanu, suka zauna cikin mutanen da harshensu da al'adarsu dabam, suka rayu da iya zama da kowa. Har gobe jarinmu ke nan. Bahaushen Kumasi yana ciniki da Tuwi a Kejetia, ya cika takarda da Turanci a ofis, ya yi salla da Larabci, ya dawo gida ya yi faɗa da Hausa. Ka saurari yaranmu in an bar su suna wasa. Mai sayar da tumatir tana jan farashi da Tuwi, har da riƙe ƙugu. Malamar aji tana tsawa da Turanci. Yaron torotoro yana kiran tasha da irin muryar da ya ji a titi. Da aka koma wasan gida sai uwa ta koma Hausa, ta yi wa 'yar tsanarta irin lallashin da aka yi mata. A zama ɗaya sun shiga riga huɗu sun fita. Kuma a tuna, Hausa ba ta cikin harsuna 11 da gwamnatin Gana ta ɗauka don koyarwa a makarantunta. Ajin boko ba zai koya wa ɗanka yadda ake gaida suruki ba, ko yadda ake barka da haihuwa, ko yadda ake taya kaya. Tsakar gida ce kaɗai makarantar Hausa da ta rage wa yaro ƙarami, wasan kwaikwayo kuwa shi ne babban darasinta. A bikin 'yar tsana ake kai lefe, a yi guɗa, a kai gara, a yi sallama irin ta manya. Wanda ya hana wannan, sa'an nan ya zo taro yana kukan yaran yanzu ba su iya Hausa ba, da wa yake?

Yanzu mu juya ga masu hani da sunan addini, domin su ne suka fi ƙarfin murya. Akwai matasan da suka ji wa'azi biyu a waya suka shiga gidajen iyayensu suna ƙwace 'yar tsana daga hannun ƙannensu, wai gunki ce. Muna roƙonsu su buɗe littafi. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, tana wasa da 'yan tsana a gidan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, tana da ƙawayen da suke zuwa su yi wasa tare, idan ya shigo su ɓuya, shi kuwa ya turo mata su su ci gaba. Abu Dawuda ya kawo labarin da ya fi wannan armashi. Iska ta ɗaga labule, ya hango kayan wasanta, a cikinsu da doki mai fukafukai biyu na ƙyalle. Ya yi mamakin doki da fukafukai, ta kafa masa hujja da dawakan Annabi Sulaimanu, ya yi dariya har haƙoransa na ciki suka bayyana. Ku dubi wannan da kyau. Yarinya ta ƙago abin da ido bai taɓa gani ba, ta kare shi da hujja, mafificin halitta bai ce mata shirme ba. Haka kuma Rubayyi'u 'yar Mu'awwiz ta ba da labarin yadda matan sahabbai suke yi wa yara abin wasa da ulu, su rarrashe su da shi ranar azumin Ashura. Alƙali Iyal, mai Ashafa ɗin nan da muke saurara duk watan azumi, babban malami a mazhabarmu ta Malikiyya, ya tafi a kan cewa 'yan tsanar yara an ware su daga hanin da aka yi game da surori, saboda horon da ke cikinsu. Gaskiya ne malamai sun yi saɓani a kan 'yar tsanar roba mai cikakkiyar sura. Wanda zuciyarsa ba ta natsu da ita ba, ga ƙashin rago, ga totuwar masara, ga tsumma, waɗanda da su iyayenmu mata suka yi tasu, kuma sun fi ta roba amfani nesa ba kusa ba. Amma a ɗauki saɓani a kan roba a mai da shi hujjar kashe wasan gaba ɗaya, wannan zalunci ne aka yi wa yaro, aka kuma jingina shi ga addinin da bai ce haka ba.

Wasu kuma cewa suke wasan yana koya wa yaro ƙarya. Ƙarya ita ce ka faɗi abin da ba haka ba don wani ya ɗauka haka ne. Yarinyar da ta miƙo maka tuwon ƙasa ta san ƙasa ce, ta san ka sani, shi ya sa idan ka kai baki da gaske za ta ƙwala ihu ta riƙe hannunka. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 505 bayan Hijira, a babin tarbiyyar yara na Ihya'u ya yi umarni a bar yaro ya yi wasa bayan ya taso daga makaranta, ya kuma yi gargaɗin cewa takura shi da karatu ba hutu yana kashe masa zuciya, ya dusashe masa basira, har ya shiga neman dabarar guje wa karatun. Shekara ɗari tara ke nan da wannan gargaɗi, kamar yaranmu ya gani.

Masu hani da sunan boko su ma ba su da madafa. Manhajar da hukumar ilimi ta Gana ta fitar a 2019 ta gina karatun ajin KG, wato na 'yan shekara huɗu da biyar, a kan koyo ta hanyar wasa. Gana ce ƙasa ta farko a duniya da ta tabbatar da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara, a 1990, kuma sashe na 31 na yarjejeniyar ya ambaci wasa a cikin haƙƙoƙin yaro. To daga ina wasu makarantun kuɗi suka samo jarrabawa da jerin na ɗaya da na ƙarshe ga yaran da ba su daɗe da barin nono ba? Daga wajen iyaye suka samo. Mai makaranta ɗan kasuwa ne, abin da mai saye yake so shi yake kasawa. Uba yana son ya ga littafi cike da jan biro, uwa tana son hoton ɗanta cikin rigar yaye da hula mai tunku don ta sa a WhatsApp. Makarantar da ta bar yara suna wasan kasuwa da murafun kwalba sai a ce ba a karatu a can, a cire yaro a kai shi inda ake duka. Yaron ya iya rera ɗaya zuwa ɗari, amma ka ba shi goro bakwai ka ce ya raba wa mutum uku, sai ya tsaya yana kallonka. 'Yar da ta saba kasuwar ganye kuwa nan take za ta ba kowa biyu ta ce ɗayan ladanta ne.

Ba mu ce iyaye ba su da uzuri ba. Gidajen haya na Zango sun cushe. Tsakar gidan da a da yara goma suke sukuwa a cikinta, mai gida ya yanka ta ya fitar da ɗaki biyu, ya dasa kwantena a ƙofa. A waje ga babura, ga kwata a buɗe, ga tsoron mugun mutum. Uwar da ta tashi tun kafin asuba tana dama koko ko dafa wake da shinkafa na sayarwa, idan ta miƙa wa yaro waya don ta samu ta runtsa, ba mu da bakin zaginta. Amma a san abin da ake musanyawa. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 ta ba da shawarar kada a zaunar da yaron da bai kai shekara biyu ba gaban waya ko talabijin, daga biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce sa'a ɗaya a yini. Katun ya riga ya gama wa yaro komai: ga dokin, ga launinsa, ga kukansa, ga inda labarin zai ƙare. Babu abin da ya rage masa ya ce a ce. Haka motar roba ta kanti, mota ce yau, mota ce gobe, har ta karye. Gwangwanin madara kuwa tukunya ne, ganga ne, mudu ne, in aka huda shi aka sa masa tayar tsohon silifa ya zama tifa. Talaucinmu bai hana mu wannan ba. Wasan nan ba ya cin ko sisi, abin da yake ci shi ne haƙurin manya da ɗan sabulun wanki.

Akwai kuma masu cewa ai 'yarsu tana talla, ciniki na gaske take koyo, me za ta yi da na ganye. A talla idan ta yi kuskuren canji duka ne yake jiranta a gida, don haka ba ta gwada komai, abin da aka ce mata shi take yi. A wasa kuwa tana iya karya farashi, ta ba da bashi, ta yi asara, ta tashi ta karkaɗe zane ta sake kasawa. Dabara ba ta tsiro inda kuskure yake da tsada haka. Sa'an nan mu daina dukan yaro namiji don ya shiga wasan girki. Masu tsire da masu shayin da suke riƙe da gidaje a garin nan, ai ba mata ba ne.

Ko manya a ƙasar Hausa, inda kakanninmu suka fito, ba su raina kwaikwayo ba. Da azumi ya kai kwana goma yara suke fita tashe, wannan ya manna gemun auduga ya zama tsoho, wancan ya zama mai magani, waccan ta zama amarya, kuma manya ne suke ba su hatsi da kuɗi. A wasan kalankuwa samari sukan naɗa sarki da alƙali da dogarai a tsakaninsu bayan an kawar da amfanin gona. A wasan gauta matan fada sukan kwaikwayi sarki da hakimansa, sarki yana kallo, ya ga halinsa a jikin wata. Al'ummar da ta yarda a kwaikwayi sarkinta don ya gyara, yau jikokinta ne suke ganin ƙasƙanci ne yaro ya kwaikwayi direba.

Aikinmu ya sa muna zama a zauren dattawa muna rubuta abin da ya gudana idan an kawo ƙara: mata da miji, mai gida da ɗan haya, 'yan uwa a kan gado, matasanmu da maƙwabtanmu da ba Hausawa ba. Abin da yake warware rigima kusan kullum jimla ɗaya ce daga bakin dattijo: a ce kai ne a matsayinsa. Akwai wanda da ya ji haka sai ya sunkuyar da kai, a ga ya tafi can ya dawo, a samu bakin zaren. Akwai kuma wanda ko an maimaita masa sau goma ba ya iya fita daga rigarsa ko taƙi ɗaya, irinsa ne ake kwana uku a kansa, wani lokaci har a dangana da 'yan sanda. Ba za mu ce wasan yarinta ne kaɗai ya raba su ba. Amma tsiraru irinmu, da zamansu lafiya ya rataya a kan fahimtar maƙwabci, ba su da halin yin sakaci da wurin da ake fara koyon wannan fita.

Abin da muke nema ba shi da yawa. Malaman makarantun allo da Islamiyya su sallami 'yan ƙasa da shekara shida da wuri, a bar musu abin da ke tsakanin la'asar da magariba, harabar makarantar kuma a bar ta a buɗe su yi wasansu a ciki, tunda gidajen sun ƙi. Mai gidan da ya rage masa ɗan lungu a tsakar gida ya ji tsoron Allah ya bar shi haka. Iyaye mata su daina zubar da kowane gwangwani da kowane tsumma. Uba kuma idan aka miƙo masa shayin ƙasa a murfin kwalba, ya karɓa da hannu biyu, ya hura, ya tambayi nawa ne.

Za mu kai maganar sallamar ƙananan yara gaban dattawa da malaman unguwa. Wanda yake ganin yana da nassin da ya haramta dokin kara, ko hujjar cewa ɗan shekara uku yana buƙatar shafi uku na aikin gida, zaure a buɗe yake bayan la'asar. Ya zo da littafinsa, ya nuna mana babi.